Yadda Na Yi Renon Kwikwiyo a Kumasi

Da damina na sauka Kumasi, a shekarar 1969, daga bayan wata motar shanu da ta ɗauko mu tun daga Bawku. Kwana biyu ina tsaye tsakanin ƙahoni, da ƙafata ta taɓa ƙasa sai na ji garin yana juyawa da ni. Sunana Haruna, ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Kazaure, shekarata ashirin da uku a lokacin. Abin da na zo da shi tabarma ce, da buta, da takardar shaidar tafiya da na naɗe a tsumma na ɗaura a ƙugu, sai sunan mutum ɗaya da aka ce in nema a Zango, unguwar baƙi, wato Alhaji Mamman mai goro.

Na same shi a ƙofar gidansa yana tsince goro, dattijo mai jiki, gemu fari fat. Ya tambayi sunan ubana da na garinmu, ya ce bai san ko ɗaya ba, don shi tun yana goye aka zo da shi Kumasi, amma tunda na ambaci sunansa ai na zama baƙonsa. Ya nuna mini zaure. Mu tara muke kwana a ciki, har da Zabarmawa biyu da wani Bayarabe mai sayar da maɓalli.

Wata uku na yi ina ɗaukar huhun goro daga gidan Alhaji zuwa tasha. Kayan da nauyi, amma wuya ya saba. Abin da na kasa sabawa da shi rashin fili ne. A garinmu in ka tsaya bayan gari kana hango raƙumi tun yana kamar ƙuda, a Kumasi kuwa duk inda ka juya itatuwa ne da rufin kwano da hadari. Abinci dokunu ne, wani tuwon masara mai tsami, da kifi da barkono, safe da yamma. Akwai ranar da ƙanshin daddawa ya bugo ni daga wani gida, na tsaya a bakin lungun da kaya a kaina kamar wanda aka kira sunansa.

A wannan zama ne wani ɗan'uwanmu Bahaushe ya cuce mu. Bala Akawu ake ce masa, kullum da farar riga da alƙalami a aljihu. Ya ce ya san mutanen ofis, zai sa a buga mana hatimin zama a takardunmu. Mu shida muka kwance takardu muka ba shi, da abin da ya ce na shan ruwan manya ne. Ba mu sake ganinsa ba. Da Alhaji ya ji, ya daɗe yana kallonmu.

"Takarda ai ba a ba da aronta," in ji shi. "Me ya hana ku tambaye ni?"

A lokacin ban ɗauki abin da zafi ba, don ba wanda ya taɓa tsayar da ni ya ce in nuna wata takarda.

Akwai wani tsoho Badagombe, Baba Salifu, da ke zuwa sayen goro duk Juma'a. Kuku ne, ya yi wa Turawa girki shekara talatin kafin ya koma wajen wata mata Ba'asantiya. Hausarsa irin ta Zango ce, mace da namiji duk "ya" yake ce musu. Wata Juma'a ya ga ina ta murza wuyana, ya ce, "Madam yana neman boyi. Aiki ba nauyi. Abinci uku, ɗaki naka kai kaɗai." Alhaji ya ce in je in gani.

Gidan bai da nisa da Zango, daga bayansa ana jin kiran salla sarai. Madam Akosua ake kiran matar, tsohuwar nas ce da ta yi aiki a Ingila, mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna waje. Doguwa ce, ba ta dariya da yawa, tana jin Hausar kasuwa kaɗan, sauran maganar Baba ke fassarawa. Ta dubi farcena, ta dubi haƙorana, sannan ta kai ni lungun da ke tsakanin falo da kicin. Wani keji ne a ajiye, na katako, mai ƙofar waya. A ciki akwai ɗan kwikwiyo ja, mai manyan kunnuwa da suka zubo masa har kumatu, yana kallona.

Na juya wajen Baba. "Baba, kare fa?"

"Kare ne," ya ce. "Ba alade ba ne."

Wani likita Bature da ya tashi komawa gida ne ya bar mata shi, da kejinsa. Ta sa masa suna Abotare, wai haƙuri kenan da yarensu, amma ni kunnena Bature ya ji, kuma Bature na ci gaba da kiransa. Madam tana son ya zauna cikin gida yadda ta ga ana yi a Ingila, ya kwanta kusa da ƙafarta in tana sauraron rediyo. Matsalar ɗaya ce. Muddin yana cikin keji ba ya ɓata wurin kwanansa ko kaɗan, likitan ya koya masa wannan. Amma da an buɗe shi ya shiga falo, sai fitsari a kafet ɗin da ta zo da shi daga Ingila, sai kashi a ƙarƙashin teburin cin abinci. Aikina shara da wanki da guga, amma babban aikin shi ne in raba shi da wannan hali.

Na karɓa don ɗakin. Tun da na bar gida ban taɓa rufe ƙofa ni kaɗai ba. Na kafa ƙusa a bango na rataye riga ɗaya da wando ɗaya da ba na taɓa su sai in zan yi salla, don in na wuni da kare duk jikina ƙyanƙyami nake ji. Ban gaya wa mutanen zaure ainihin aikina ba. Na ce boyi ne.

Ni ban san wata hanyar horon dabba ba sai wadda na gani a gida. In na tarar ya yi, sai in kamo shi in dangwara masa hanci a wurin, in tsula masa tsintsiya. Abin da ya koya daga wannan shi ne kada ya yi a gabana. Ya koma laɓewa bayan kujera, bayan labule, har cikin takalmin Madam sau ɗaya. In na kai shi waje kan ciyawar gaban gida sai ya tsaya yana rawar jiki yana kallon hannuna, ba ya yin komai, da mun dawo ciki na juya baya sai ya saki. Na wanke kafet ɗin nan da sabulu har hannuna ya saɓule, washegari ya koma daidai wurin.

Muna cikin haka azumi ya kama. Wata rana da yamma ina fere doya a kicin, rediyon Baba yana magana da Turanci, sai na ga ya ajiye wuƙa ya ƙara murya. Da aka gama ya zauna a kan turmi.

"Gwamnati ya ce duk baƙo wanda ba shi da takardar zama, sati biyu, ya bar ƙasa."

"Har mu?"

"Ni ɗan ƙasa ne. Kai ne."

Na taɓa ƙuguna inda takardata take a da. Babu komai sai tazuge.

Madam ta kira ni falo. Ta ce, ta bakin Baba, kada in tafi, hanya ta cika, ana mutuwa a bakin iyaka saboda cunkoso da yunwa. Ta san mutane, za ta nemo mini takarda a matsayin ma'aikacinta. Sharaɗi ɗaya, kada in fita ƙofar gida har sai takardar ta fito. Na durƙusa na yi godiya.

Daga ranar duniyata ta zama kicin, da lungun keji, da ɗakina. Katangar gaban gidan gajeriya ce, ana ganin mutum daga titi. Wata safiya na fito da Bature kan ciyawa sai wani mutum da ke wucewa ya tsaya ya leƙo, ya ɗaga yatsu yana ƙirga mini kwanakin da suka rage, yana dariya. Daga nan na daina fita gaba sai na leƙa na ga ba kowa. Wani lokacin sai rana ta yi tsaka kwikwiyon bai ga waje ba. In na bar shi a keji ya yi ta kuka har Madam ta ce a buɗe shi, in an buɗe kuwa kafin in ɗauko igiya ya riga ya jiƙa falo. Ɓarnar ta ninka ta da. Ga azumi, ga tsoro, ga ni durƙushe da tsumma ina goge kashin kare ana kiran la'asar a Zango. Ranar da ta taka fitsari da safa, Madam ta yi faɗa mai tsawo. Baba ya taƙaita mini shi.

"Ya ce in sabuwar shekara ya zo kare bai daina ba, zai aika shi ƙauye wajen mafarauta."

In kare ya tafi, me za a yi da mai renon kare?

Ana saura kwana biyu wa'adi ya cika Baba ya dawo daga kasuwa ya ce Alhaji Mamman zai tashi gobe da iyalinsa duka. Na ce ba zai yiwu ba, mutumin da bai san ko hanyar garinsu ba? Baba ya ce an ce ya kawo shaidar haihuwa, shi kuwa a bayan uwarsa ya shigo. Na ce sai na je na yi masa sallama ko da za a kama ni. Sai Baba ya ce, "Sa gajeren wando na kaki. Cire hula. Ɗauki kare da sarƙa. Polisi ba ya tsayar da mai jan kare, ya san Bahaushe ba ya yi."

Haka na shiga Zango, kai ba hula, gwiwa a waje, kare a hannu. Gaskiyar Baba ce, na wuce 'yan sanda biyu ko kallona ba su yi ba. Mutanenmu ne suka kalle ni. Wani da muka yi wata uku muna kwana a tabarma ɗaya ya ja rigarsa gefe don kada in shafe shi. Titi cike da gadaje da kekunan ɗinki da tukwane, ana sayarwa a wulaƙance, mata suna zaune kan ƙullin kaya da yara a cinya. A ƙofar gidan Alhaji mota ce tsaye ana lodi. Shi yana kan kujerarsa ta kullum, hannunsa riƙe da makullan gida, yana jujjuya su.

Na tsaya daga nesa na yi sallama. Ya ɗago, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya dubi abin da ke ƙarshen sarƙar.

"Haruna, aikin kenan?"

"Shi ne, Baba Alhaji."

"To matso mana. Hannunka nake so, ba na karen ba."

Na matsa na durƙusa, ya riƙe hannuna da nasa biyu. Ya ce wai Sakkwato za a kai su, an ce can ne asalin ubansa, bai san ko akwai wanda zai gane sunan ba. Ya ce akwai wuri a motar in ina so, ko a kan kaya. Na ce Madam ta yi mini alkawarin takarda. Ya ce Allah ya sa ta cika.

Muna cikin wannan magana sai na ji sarƙa ta ja. Na waiga. Bature ya sunsuni gindin wata bishiya da ke gefen zaure, ya zagaya sau biyu, ya tsuguna ya yi fitsari mai yawa a kan ƙasa, a gabana, karo na farko tun da na san shi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Yauwa! Yauwa Bature! Haka ake yi!"

Duk masu lodi suka juyo. Kwikwiyon ya taho da gudu yana kaɗa wutsiya kamar zai karye. Alhaji ya fashe da dariya, ya yi ta yi har makullan suka faɗi, har hawaye ya jiƙa masa gemu, kuma da dariyar ta ƙare hawayen bai tsaya ba. Wannan ne ganina na ƙarshe da shi.

Da na dawo na ba Baba labari. Ya ce ai shi ya daɗe da sanin inda nake kuskure, ya ga Turawa sun yi renon karnuka sun fi goma.

"To me ya hana ka faɗa mini, Baba?"

"Ni kuku ne. Ba ka tambaya ba."

Ya ce in jefar da tsintsiya, duka ba ya koya wa kare komai sai ɓuya. Ya ce sabulu yana ɓoye wari ga hancin mutum ne kawai, kare yana jin abinsa, kuma inda ya ji warin nan ne masai a wajensa. Ya ba ni ruwan tsami na kwalba da yake girki da shi, na wanke duk inda ya taɓa ɓatawa, muka naɗe kafet muka jingine a sito. Ya ce kwikwiyo cikinsa ƙarami ne, da ya tashi barci, da ya ci, da ya gama wasa, a fitar da shi nan take, wuri ɗaya kullum, a tsaya har ya yi, a yabe shi. In ba ido a kansa, ya koma keji, amma ba wuni guda ba.

Na zaɓi gindin ayaba a bayan kicin, inda katanga take da tsawo ba mai hango ni. Na ɗaura igiyarsa a ƙuguna, duk inda na je yana biye, ina shara yana nan, ina guga yana kwance kan ƙafata. Na fara gane alamunsa. In zai yi sai ya bar abin da yake yi, ya sa hanci ƙasa, ya fara zagaye. Da na gani sai in ce "Mu je," mu ruga gindin ayaba. Ba ni da agogo, don haka kiran salla ya zama agogonmu, kafin in yi alwala sai na fara kai shi. Baba yana ajiye mini ƙananan guntayen ƙashin kifi da ragowar nama, in ya yi a waje in ba shi ɗaya.

Kiran sallar ma ya canja. Da, masallatai ne ke karɓa wa juna ta ko'ina, yanzu sai murya biyu ko uku. Ranar ƙaramar salla na sa rigata ta kan ƙusa na tsaya bayan kicin ina jin kabbara daga nesa. Baba ya tafi idi, ya dawo mini da waina a ganye, ya ce wata tsohuwa ce ta gidan Alhaji da ba ta tafi ba ta ce a kawo wa yaron nan mai kare. Na ci rabi, na kasa cin sauran.

Sabuwar shekara ta zo Bature yana kuskure sau ɗaya a kwana uku, Madam ta ce an ƙara masa lokaci. Can sai ya yi kwana goma sha ɗaya cur bai ɓata ko'ina ba. Na kwance igiya daga ƙuguna. Aka dawo da kafet. Ya koyi wani abu da ban koya masa ba, in ya matsu sai ya je ƙofar kicin ya zauna, ya ɗaga ƙafa ya karci katakon sau biyu, ya waigo ya kalle ni. Madam ta gani da idonta, ta tafa hannu, ta ce da Hausarta, "Haruna, ka yi kyau!"

Duk sati nakan tambayi takarda, duk sati sai ta ce ana kai. Wata rana ƙanwarta ta zo, suka daɗe a falo suna magana da yarensu, na ji ana ambaton sunana. Da ta tafi na matsa wa Baba. Da ƙyar ya ce ƙanwar tana da ƙanin miji da ke zaune ba aiki, tana cewa tunda kare ya koya, me ake jira da baƙo a gida, ana jawo wa kai fitina.

Wannan magana ta kwana a raina ta wuni. In kare ya ƙi koya, a kore mu tare. In ya koya, a kore ni ni kaɗai. Abin da na yi bayan nan ban taɓa faɗa wa kowa shi ba sai da na tsufa.

Da hantsi ne, Madam tana falo tana karanta jarida, Baba ya tafi kasuwa, ni ina guga a lungu. Bature ya gama cin abinci ya je ƙofar kicin ya zauna. Ya karci ƙofa sau biyu, ya waigo. Na gan shi. Na ci gaba da guga. Ya sake karta, ya yi ɗan kuka, ya zo ya taɓa ƙafata da hanci ya koma ƙofa. Na juya rigar da nake gogewa na fara ɗaya hannun. Ya yi ta kai da kawowa, ni ina jin ƙarar farcensa a siminti. Daga ƙarshe ya shige falo. Na ji Madam ta yi ƙara, na ji ƙarar takalmin roba a jikinsa, sau uku, sau huɗu, yana ihu.

Ya fito da rarrafe, ciki a ƙasa, kunnuwa a maƙale. Ina tsammanin keji zai shiga. Sai ya zo ya cusa kansa tsakanin ƙafafuna yana rawar jiki, yana lasar yatsana. Rigar Madam ta ƙone a ƙarƙashin dutsen guga ban sani ba.

Na samu abin da nake so. Madam ta ce ashe da saura, ba a sake maganar ƙanin miji ba. Amma kwana huɗu Bature bai je ƙofar nan ba. Ya koma laɓewa bayan kujera kamar farko. In na tsaya salla sai in ji ƙarar farcen nan a kunnena. An cuce ni a garin nan na san zafinsa, ga shi na sami wanda ya fi ni rauni na yi masa. A rana ta biyar na ɗauko igiya na sake ɗaurawa a ƙuguna, muka koma farko. Na ce ko me zai faru, sai na gama aikin nan da gaskiya.

Sai da aka yi kusan sati uku kafin ya sake karta ƙofar. Ranar ina tsakiyar wanke kwanoni, na watsar da faranti na ruga na buɗe, har na yi tuntuɓe da bokiti. Daga nan bai sake kuskure ba. Babbar salla ta zo ta wuce, ya yi wata guda cif, yana kwanciya kan kafet kusa da ƙafar Madam, ƙofar kejinsa a buɗe, in ya ga dama ya shiga da kansa.

Sai na sa Baba ya raka ni falo. Na durƙusa na ce, "Madam, kare ya koya. Ina maganar takardata?"

Ta rage muryar rediyo. Ta yi magana a hankali, ba ta kalle ni ba. Baba bai fassara ba, sai da ta ce masa ya faɗa.

"Ya ce ya je ofis tun kafin sabuwar shekara. Sun ce aikin boyi na 'yan ƙasa ne. Ba takarda."

"Tun kafin sabuwar shekara?"

"Haka ya ce."

"To me ya sa ba ta gaya mini ba?"

Wannan ba ta jira fassara ba. Ta ce da Hausa, "In na faɗa, ka tafi." Sannan ta ƙara da yarensu, Baba ya ce wai lokacin hanya ba kyau, tana tsoron in mutu a bakin iyaka, kuma wai ita kaɗai ba za ta iya da karen ba. Na dubi fuskarta na ga duka biyun gaskiya ne. Ta ce in ina so in zauna, ba za ta kore ni ba, ba kuma za ta bari a shigo a kama ni ba, in dai ban fita ba.

Na tambayi kaina har yaushe. Wata huɗu rabona da titi in ban da ranar Alhaji, wata huɗu ban yi sallar Juma'a ba. Na ce na gode, zan tafi gida.

Baba ne ya shirya komai. Yana da ɗan ƙane direban motar goro da ke zuwa Bawku, ya ce zai ɗauke ni a matsayin yaron mota. Ya ba ni tsohuwar rigarsa ta saƙi irin ta Dagomba, ya koya mini gaisuwarsu guda biyu, ya ce in an tsayar da mu in yi gaisuwa in yi shiru. Madam ta ba ni takalmin mijinta da bargo. Kafin in fita na roƙe ta abu ɗaya. Na kai ta ƙofar kicin na nuna mata inda farcensa ya goge fenti.

"Madam, in ya zauna nan ya karta, ko me kike yi, ki tashi ki buɗe. Ba ya ƙarya."

Ta ce ta ji. Na sa ta maimaita "Mu je" har sau uku, don da wannan kalmar ya saba. Baba ya rufe shi a keji don kada ya bi ni. Ina jin kukansa har na kai kwanar titi.

Kwana goma sha shida na yi a hanya, mota zuwa mota, wani wurin da ƙafa. Na isa ƙauyenmu da la'asar, a rame, da rigar Dagomba da takalmin mamaci. Bayan an gama koke-koke da gaishe-gaishe, babana ya kira ni zaure mu biyu. Mutum ne mai kaifin harshe, tun a hanya nake shirya ƙaryar da zan yi masa. Ya dubi hannuna ya ga ba komai.

"Wace sana'a ka yi a can?"

Na buɗe baki in ce goro, sai na ji na gaji da ɓoyo.

"Baba, kare na koya wa fita waje in zai yi bawali."

Yana ta jan carbi, ni ina kallon ƙasa, ina jiran abin da zai sauko.

"Ya koya?"

"Ya koya, Baba."

"To," ya ce, ya miƙo mini ƙwaryar furar da ke gabansa. "Sha. Gobe akwai sharar gona."